Kan Wutar Infirared: Yadda Ake Ƙara wa Murhun Gas Zafin Garwashi, da Abin Dubawa Kafin a Saya

Duk mai yawan leƙa YouTube ko TikTok da wuya a ce bai taɓa cin karo da irin wannan bidiyo ba: mutum a bayan gidansa a Amurka ko Kanada ya ɗora yankan nama mai kauri a saman wani faranti da ya yi jajawur, minti ɗaya ya juya shi, sai ga bayan naman ya yi ɓawo mai launin ruwan ƙasa, ciki kuwa yana nan da laushinsa. Wannan yankan nama shi ake kira sitek, wato faffaɗar tsokar naman sa mai kauri. Farantin da ya yi ja kuma kan wutar infirared ne.

Da yawa daga cikin masu waɗannan bidiyoyi ba sabon murhu suka saya ba. Tsohon murhunsu na gas ne suka cire masa kan wuta ɗaya, suka sa na infirared a gurbinsa. A ido aikin ba ya da wuya. Amma aiki ne da ya haɗa gas, wuta da zafin da ya isa ya narkar da alminiyam, don haka kuskure a cikinsa bai tsaya ga ƙona nama ba.

Matsalar murhun gas na yau da kullum

Murhun gashi na gas akwati ne na ƙarfe mai murfi. A ƙasansa akwai kawunan wuta uku zuwa biyar, kowanne bututu ne mai jerin huji. A saman kowane bututu akwai wani ƙarfe mai siffar jinka da ke tare kitse, sannan ragar da ake ɗora nama a kai. Wutar na ɗumama iskar cikin akwatin, iskar kuma ta gasa naman. Yawancin irin waɗannan murhu zafinsu yana tsayawa tsakanin digiri 260 zuwa 315 a ma'aunin Salshiyos.

Wannan zafi ya isa gasa kaza ko kifi. Inda yake gazawa shi ne wajen yi wa sitek ɓawo. Launin ruwan ƙasa da ƙamshin da gasasshen nama ke yi suna fitowa ne daga wata haɗuwa da sinadaran furotin da sukarin cikin naman ke yi idan sun ji zafi. Wani Bafaranshe masanin sinadarai, Louis-Camille Maillard, shi ya fara bayanin wannan haɗuwa a 1912, kuma har yau da sunansa ake kiranta. Ba ta kankama sai bayan naman ya haura digiri 140. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa. Ma'ana, muddin akwai danshi a bayan nama, zafinsa ba zai wuce 100 ba sai ruwan ya ƙafe.

A nan tsere yake farawa. Yayin da wuta mai matsakaicin ƙarfi ke fama da busar da bayan naman, zafi yana ta kutsawa ciki. Kafin ɓawo ya samu, tsakiyar ta riga ta dahu ta wuce misali, ta bushe, ta yi tauri. Maganin abin shi ne zafi mai tsanani na ɗan lokaci kaɗan, wanda zai gama da baya kafin ya isa ciki.

Mene ne infirared?

Infirared haske ne da idon ɗan Adam ba ya gani. Masanin taurari William Herschel ne ya gano shi a Ingila a shekarar 1800. Ya rarraba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku zuwa launukan bakan gizo, yana auna zafin kowane launi, sai ya tarar ma'aunin ya fi tashi a gefen ja, a wurin da babu wani launi da ido ke gani.

Mai wayar hannu zai iya ganin wani nau'insa yanzu-yanzu. Idan aka saita kan rimot ɗin talabijin a gaban kyamarar waya aka danna maɓalli, a wayoyi da yawa za a ga ɗan haske yana ƙiftawa a fuskar wayar, alhali ido bai ga komai ba. Wasu wayoyin Xiaomi ma suna da irin wannan 'yar fitila a samansu, shi ya sa suke iya kunna talabijin da na'urar sanyaya ɗaki.

Kowane abu mai ɗumi yana fitar da infirared, kuma yawan abin da yake fitarwa yana hauhawa da sauri ƙwarai idan zafinsa ya ƙaru. A lissafin masana kimiyya, farantin da ya kai digiri 900 yana fitar da kusan ninki 17 na abin da zai fitar a digiri 300. Wannan haske ba ya jiran iska ta ɗauke shi. Kai tsaye yake dukan abin da ke gabansa ya zama zafi. Shi ne hucin da mutum ke ji a fuska idan ya tsaya kusa da mai tsire. Garwashin gawayi da ya yi ja babban tushen infirared ne, shi ya sa mai tsire ba ya ɗora nama sai harshen wuta ya kwanta. A taƙaice, kan wutar infirared ƙoƙari ne na samun garwashi daga gas, garwashin da ake kunnawa da kashewa da maɓalli.

Yadda kan wutar yake aiki

Ɗan akwati ne na ƙarfe, samansa an rufe shi da farantin tangaran mai dubban ƙananan huji. Gas yana shiga ta wani bututu, yana janyo iska tare da shi, su gauraya a cikin akwatin, sannan su fito ta hujojin. A bakin kowane huji sai 'yar mitsitsiyar wuta ta kama. Cikin minti uku zuwa biyar tangaran ɗin ya yi ja, zafin fuskarsa ya kai kimanin digiri 900. Kamfanin Napoleon na Kanada yana tallata nasa, wanda ya sa wa suna Sizzle Zone, da cewa yana kai digiri 1,800 a ma'aunin Faranhait, wato kusan 980 a Salshiyos. A lura cewa wannan zafin farantin ne. A kan raga, inda nama yake, bai kai haka ba, ko da yake ya zarce na bututun wuta nesa ba kusa ba.

Fasahar ba don nama aka ƙirƙire ta ba. Wani injiniya Bajamushe, Günther Schwank, ya samar da farantin tangaran mai aiki da gas a ƙarshen shekarun 1930. A Amurka kuma Bill Best, wanda ya kafa kamfanin Thermal Engineering Corporation, ko TEC, a jihar Karolina ta Kudu, ya fara ƙera irin waɗannan kawunan wuta a shekarun 1960 domin masana'antu, kamar wajen busar da fenti. A shekarun 1980 ya sa fasahar a murhun gashi. Da wa'adin haƙƙin mallakarsa ya ƙare a shekarar 2000, sai sauran kamfanoni suka shigo, farashi ya sauka, aka fara sayar da kan wutar shi kaɗai ga masu tsohon murhu.

Hanyoyi uku na ƙara shi

Hanya ta farko, kuma mafi aminci, ita ce sayen wanda kamfanin murhun ya ƙera da kansa domin ya maye gurbin bututu ɗaya. Kamfanoni irin su Blaze da Bull suna sayar da irin wannan. Tsawonsa da mazauninsa da bakin shigar gas duk an auna su daidai da murhun.

Hanya ta biyu ita ce a bar cikin murhun yadda yake, a samo na gefe ko mai zaman kansa. Wasu murhu suna da wurin ɗora tukunya a gefe wanda kamfanin ya tanadi na infirared da zai shiga gurbinsa. Akwai kuma ƙananan na'urori masu cin gashin kansu, kamar Beefer da Otto Wilde na Jamus, waɗanda farantinsu yake sama, nama a ƙasa, ta yadda kitse ba ya ɗiga a kan tangaran.

Hanya ta uku ita ce wadda ta cika shagunan intanet: kan wuta mai araha da aka rubuta cewa yana shiga kowane murhu. Sau da yawa sai an huda ƙarfe, an yanka, ko an kai wa mai walda kafin ya zauna. A nan ne haɗarin yake. Kamfanoni kan janye garantinsu idan an sauya wa murhu tsari, kuma gwajin lafiyar da aka yi masa a masana'anta bai shafi sabon yanayin da aka mayar da shi ba.

Akwai kuma ruɗanin suna. Abin da kamfanin Weber ke kira Sear Station ba tangaran ba ne. Ƙarin bututun wuta ne da aka matso da shi tsakanin wasu biyu. Na Char-Broil mai suna TRU-Infrared kuwa farantin ƙarfe ne da ke zaune a saman wuta. Duk suna aiki, amma ba abu ɗaya ba ne da farantin tangaran, kuma zafinsu ba ɗaya ba ne.

Abubuwa huɗu da za a duba kafin a biya kuɗi

Na farko, nau'in gas. A Amurka murhu iri biyu ne: mai amfani da furofen na cikin tukunya, da mai amfani da gas ɗin bututu da ake ja zuwa gidaje. Furofen ya ninka gas ɗin bututu ƙarfi kusan sau biyu da rabi, saboda haka ɗan hujin da gas ke fita ta cikinsa, wanda makanikai ke kira jet, ya fi ƙanƙanta a murhun furofen. Idan aka haɗa furofen da jet ɗin gas ɗin bututu, gas zai yi yawa, wuta ta tashi fiye da kima. Idan aka yi akasin haka, farantin ba zai yi ja ba.

Na biyu, matsin gas. Regileta, wato abin da ake ɗaurawa a kan tukunya domin rage ƙarfin fitar gas, ba iri ɗaya ba ce a ko'ina. Murhun furofen na Amurka yana aiki da kusan miliba 27, na Ingila 37, na Jamus 50. Wannan ya shafi duk wanda ya shigo da murhu ko kan wuta daga waje zuwa Najeriya ko Nijar, domin bakin tukunya da regileta sun bambanta da na Amurka, kuma gas ɗin girki na Najeriya ya fi yawan butan, wanda ke buƙatar iska fiye da furofen. Alamar rashin daidaito ita ce wuta mai launin rawaya, baƙin hayaƙi, ko ƙarar fashewa a cikin akwatin.

Na uku, yawan gas ɗin da yake ci. Ana rubuta shi da ma'aunin BTU. Kan wuta mai BTU 12,000 a awa daidai yake da kusan kilowat uku da rabi, kuma yana cin kusan rubu'in kilo na gas a awa. Tukunya mai kilo 12.5 za ta riƙe shi kimanin awa 50. Abin lura shi ne adadin da aka rubuta a kan sabon kan wutar ya yi daidai da na bututun da zai maye wa gurbi, domin bawul da jet ɗin wurin ba su san an yi canji ba. Abin da suka saba bayarwa shi za su ci gaba da bayarwa.

Na huɗu, jikin murhun. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, kuma akwai murhu da yawa da akwatinsu na alminiyam ne ko siririn ƙarfe mai fenti. Irin wannan zai iya lanƙwashewa, fentin ya ɓare, maɓallan roba su yi laushi. Murhun da ya fi jure wannan aiki shi ne na ƙarfe mai kauri marar tsatsa, musamman nau'in da ake wa lamba 304. Akwai gwaji mai sauƙi: maganaɗisu yana manne wa nau'in 430 mai araha, amma galibi ba ya kama 304.

Yadda ake ɗora shi

Ga wanda kamfanin ya ƙera domin murhun, aikin bai fi na minti goma sha biyar ba. A rufe tukunyar gas, a cire tiyo gaba ɗaya, a tabbata murhun ya huce. Kafin a taɓa komai, a ɗauki hoton cikinsa da waya, domin a san mazaunin kowane abu. A ɗaga raga da ƙarfen nan mai siffar jinka. A zare ƙusa ko fil ɗin da ke riƙe da bututun a baya, a ja shi a hankali ya fita daga bakin bawul.

Sai a zura bakin sabon kan wutar har jet ɗin ya shige cikinsa sosai, a tsakiya. Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci. Idan jet bai shiga daidai ba, gas zai riƙa zuba a bayan maɓallai, wuta ta kama a inda hannun mai gashi yake. A ɗaure bayan, a mayar da raga, amma kada a mayar da ƙarfen jinka a saman farantin, domin zai tare hasken, ya kuma tara zafin da zai lalata tangaran. Zai fi kyau a sa shi a gurbin ƙarshe na dama ko hagu, sauran filin ya rage don gashi a hankali.

Bayan an mayar da tiyo, a kaɗa ruwan sabulu a shafa a duk mahaɗa, sannan a buɗe tukunya alhali maɓallai suna rufe. Duk inda kumfa ta taso, akwai yoyo. Ba a gwada yoyon gas da ashana. Wajen kunnawa, murfi ya kasance a buɗe. Idan wuta ba ta kama cikin daƙiƙa biyar ba, a kashe, a jira minti biyar gas ya watse, domin ya fi iska nauyi, yakan kwanta a ƙasan akwati. Kunnawar farko a bar shi ya ci minti goma babu nama. Faranti mai lafiya yakan yi ja bai-ɗaya, ba tare da dogon harshen wuta ba. Wanda bai saba da aikin gas ba, ya kira ƙwararre. Kuma ba a kunna shi a ɗaki, shago ko gareji, saboda iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari amma tana kisa.

Yadda ake gashi da shi

Kan wutar infirared nama mai kauri yake so, santimita uku zuwa huɗu. Siririn yanka irin na tsire zai ƙone kafin a juya shi. A goge danshin bayan naman, a sa gishiri. Yaji mai ƙuliƙuli ko miya mai sukari su jira sai an sauke, domin a wannan zafi baƙi suke yi su yi ɗaci.

Hanyar da ta fi ba da sakamako ita ce a fara daga sanyi a ƙare da zafi. A ajiye naman a gefen murhu mai ƙaramar wuta, a rufe, har cikinsa ya kusa kai yadda ake so. Sannan a mayar da shi kan farantin, kusan minti ɗaya kowane gefe. Wannan ya fi dacewa da wanda ba ya cin nama mai ja a ciki, domin zai samu naman ya dahu sosai ba tare da bayansa ya zama gawayi ba. Ma'aikatar noma ta Amurka tana ba da shawarar cikin yankan naman sa ya kai digiri 63, a bar shi ya huta minti uku. Niƙaƙƙen nama 71, kaza 74.

A nan waya take da amfani. Akwai ma'aunan zafi marasa igiya, irin su Meater, da ake sokawa a nama su riƙa aika zafin cikinsa zuwa manhajar waya ta Bluetooth. Sai dai kowanne yana da iyaka: Meater na farko ba ya jure fiye da digiri 275 a wajen nama, don haka sai an zare shi kafin a kai kan farantin. Ma'aunin nan mai kama da bindiga da ake haskawa daga nesa shi ma da infirared yake aiki, amma masu araha ba sa kai zafin tangaran, kuma ƙarfe mai sheƙi yana ruɗa su. Wayar kanta a nisanta ta da farantin yayin ɗaukar bidiyo, domin batir da zafi ba sa ga-maciji.

Akwai wata tsohuwar magana da masu talla ke yawan maimaitawa, cewa ƙona bayan nama yana toshe shi ya hana ruwan ciki fita. Masanin sinadarai Bajamushe Justus von Liebig ne ya yaɗa ta a shekarun 1840, kuma gwaje-gwajen da aka yi daga baya sun nuna ba haka ba ne. Ɓawon ba ya riƙe ruwa. Ɗanɗano da ƙamshi yake kawowa. Abin da ke sa naman ya yi laushi shi ne cikinsa bai daɗe a wuta ba. Sannan launin da ake nema ruwan ƙasa ne, ba baƙi ba. Nama da ya ƙone ƙurmus yana ɗauke da sinadaran da masu binciken cutar daji ke gargaɗi a kansu, don haka a yanke wurin da ya yi baƙi a zubar.

Rauninsa

Tangaran tangaran ne: yana fashewa. Ruwan sanyi a kan faranti mai zafi, ko faɗuwar ƙarfe a kansa, ya isa ya tsaga shi, kuma farantin da ya tsage ba ya gyaruwa, sai sauyi. Ci gaba da amfani da shi yana iya sa wuta ta koma cikin akwatin. Ba a kankare shi da buroshin ƙarfe. Bayan gashi a bar shi a kunne minti biyar kitsen ya ƙone, idan ya huce a kakkaɓe tokar. Iska mai ƙarfi tana rage masa zafi, ƙura kuma tana toshe hujojin, saboda haka a rufe murhun idan ba a amfani da shi. Yawancinsu kuma ba su iya ƙaramar wuta ba. Ko an rage su, zafinsu ya fi ƙarfin kaza ko kifi. Wanda ya sa ɗaya a murhu mai kawuna uku ya sadaukar da kashi ɗaya cikin uku na filin gashinsa ga aiki guda.

Wa ya dace ya saya?

Wanda yake da murhun gas mai ƙarfin jiki, kamfaninsa yana sayar da kan wutar da ya dace da lambar murhun, kuma yana gasa nama mai kauri a kai a kai, kwalliya za ta biya masa kuɗin sabulu. Wanda murhunsa na siririn ƙarfe ne, ko sai an huda an yi walda kafin abin ya zauna, gara ya haƙura. Garin neman gira kada a rasa ido. Kaskon ƙarfe mai nauyi da aka ɗora a kan murhun ya yi zafi sosai zai ba shi ɓawo mai kyau da kuɗi kaɗan, haka ma ɗan kurfoti mai gawayi a gefe.

Kafin a danna maɓallin saya, a duba takardar da ke manne a jikin murhun, a ɗauki hotonta. Lambar samfuri, nau'in gas, matsinsa da adadin BTU duk suna nan a rubuce. Idan waɗannan huɗu ba su yi daidai da na kan wutar da ke cikin kwandon sayayya ba, to ba na wannan murhu ba ne.